Bashi, Karayar Arziki da Hurumin Kotu: Iyakar Abin da Muke Ji a Waya

 



Hausawa suka ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Attajiri na ci, talaka na ci, gwamnati ma na ci. Abin da ba a son faɗa a fili shi ne ranar da bashin ya fi ƙarfin mai shi: jari ya karye, kaya sun ƙare a shago, masu bin bashi sun fara sallama tun da asuba. A irin wannan rana mutum kunyar tambaya yake ji, sai ya shige ɗaki ya ɗauki waya. Yana latsawa zai tarar da bidiyo da rubuce-rubuce ba iyaka, har da manhajojin da ake yi wa tambaya su ba da amsa nan take. Wani ya ce masa idan ya bayyana karayar arziki an yafe masa bashi. Wani ya ce ba mai taɓa gidansa. Wani ya ce bayan shekara kaza bashi ya mutu.

Maganar da na zo da ita yau guda ɗaya ce. Bayanin shari'a na gama-gari yana koya wa mutum tambayar da zai yi, amma amsar tana wurin kotun da ke da hurumi a kansa da wanda ya san aikin wannan kotun. Zan fara da Amurka, domin mafi yawan abin da ke yawo a wayoyinmu a kan wannan batu daga can ya fito, sannan mu dawo gida.

Doka ɗaya, kotuna casa'in

Kundin tsarin mulkin Amurka ya ba majalisar tarayya ikon yin dokar karayar arziki bai-ɗaya ga ƙasa duka. Dokar da ake aiki da ita yanzu ta 1978 ce, an yi mata babban gyara a 2005. Babi na 7 shi ne wanda ake sayar da abin da doka ta yarda a sayar na mutum, a raba wa masu binsa, a sauke masa ragowar. Babi na 13 na mai albashi ne ko mai wata hanyar samu, wanda zai riƙa biya wata-wata na shekara 3 zuwa 5. Babi na 11 galibi na kamfanoni ne masu son gyara tsarinsu su ci gaba da aiki. Da zarar mutum ya shigar da takarda, doka ta dakatar da masu bin bashi daga ƙara da ƙwace da kiran waya. Wannan shi ne abin da ake ba mu a bidiyon minti uku, kuma gaskiya ne.

To amma ku saurari abin da minti uku ba ya ɗauka. A Amurka akwai kotunan karayar arziki 90, kowace da ƙa'idojinta na cikin gida. Sannan dokar tarayyar ta bar wa jihohi wata babbar ƙofa: su ne ke faɗin abin da ba za a taɓa ba daga dukiyar mutum, kuma fiye da rabinsu sun hana mazaunansu amfani da jerin da tarayya ta tanada. A jihar Tekzas gidan da mutum ke zaune a ciki yana da kariya komai tsadarsa, muddin filin bai wuce eka 10 a cikin gari ba. A Fulorida ma haka ne, amma rabin eka a cikin gari, eka 160 a wajensa. A jihar Pensilbaniya kuwa dokar jiha ba ta ware wa gidan zama irin wannan kariya ba, sai dai mutum ya koma ga ta tarayya, wadda ke da iyaka. Mutum biyu, bashi iri ɗaya, gida iri ɗaya, ƙasa ɗaya: ɗaya ya kwana a gidansa, ɗaya ya ga an yi gwanjonsa.

Wani zai ce to sai in tattara in koma Tekzas. Gyaran 2005 ya toshe wannan. Sai mutum ya cika kwana 730 yana zaune a jiha kafin ya ci moriyar kariyarta, kuma gidan da bai kai kwana 1,215 a hannunsa ba an sa wa kariyarsa iyaka. Gyaran nan ya kuma kawo ma'aunin samu, wanda ke gwada abin da mutum ke samu da matsakaicin samun iyali a jiharsa. Albashin da zai buɗe wa mutum Babi na 7 a wata jiha zai iya rufe masa a wata.

Har tsarin kula da shari'un ba ɗaya ba ne. Ma'aikatar Shari'a ta tarayya ce ke sa ido a kansu a ko'ina, ban da jihohi biyu, Alabama da Karolina ta Arewa, waɗanda ke da nasu tsarin a ƙarƙashin kotuna. Wannan bambanci ya sa an riƙa karɓar kuɗi daban-daban daga kamfanoni, har sai da Kotun Ƙoli ta ce a 2022 hakan ya saɓa wa kundin tsarin mulki. A Babi na 13 kuma, wata kotun tana son kuɗin jinginar gida ya bi ta hannun wakilin da aka naɗa, wata ta bar mutum ya biya banki da kansa. An fitar da fom na ƙasa na tsarin biya a Disambar 2017, amma aka ba kotuna damar yin nasu, kuma da yawa suka yi. Bashin karatu ba ya sauka sai an tabbatar da matsanancin ƙunci, kuma kotunan ɗaukaka ƙara ba su haɗu a kan ma'aunin ƙuncin ba.

Masu kuɗi sun san da wannan. Shi ya sa manyan kamfanonin Amurka ke zaɓar inda za su kai shari'arsu, yawanci jihar Delawe, ko Nuyok, ko birnin Husiton. A Turai ma an ga haka. Kafin 2013 wanda aka ayyana karayar arzikinsa a Ayalan yakan yi shekara 12 kafin a sallame shi, alhali a Ingila shekara 1 ce, sai attajiran Ayalan da suka karye suka riƙa ƙaura zuwa Ingila. Ayalan ta rage zuwa shekara 3, daga baya zuwa 1. Idan masu lauyoyi goma suna tsallaka teku saboda bambancin kotu, ta yaya mu za mu ɗauka cewa maganar wani mai bidiyo a Amurka ta shafi shagonmu a Kantin Kwari? 'Yan uwanmu da ke zaune a can ma su kula: abin da ya yi wa aboki aiki a wata jiha ba lallai ya yi maka a taka ba.

Mu dawo gida Najeriya

Mu ɗauki misali. A ce ɗan kasuwa ne a Kwari, ya karɓi dila-dilan atamfa a hannun uban gidansa a kan zai biya bayan sallah. Ya kuma ci bashin banki ya ba da takardar gidansa jingina. Ƙaninsa ya ba shi kuɗin ajiya ya zuba a ciniki. Canji ya tashi, 'yan sari na ƙauye ba su kawo kuɗi ba. Littafin shagon na nan, shafi-shafi an rubuta sunaye da jan biro, amma aljihun tebur babu komai. Mutum ɗaya ne, amma basussukan nan uku na iya kai shi ƙofa uku daban-daban.

Najeriya tana da Dokar Karayar Arziki ta 1979 ga ɗaiɗaikun mutane. Sashe na 251 na kundin tsarin mulkin 1999 ya keɓe wannan hurumi ga Babbar Kotun Tarayya ita kaɗai. Kotun majistare ba ta ayyana karayar arzikin mutum, babbar kotun jiha ba ta yi. Dokar ta tsufa, har mafi ƙarancin bashin da ta ambata naira 2,000 ne, kuma ba kasafai ake bin ta ba. Tana da nauyi a kan wanda ta hau: muddin ba a sallame shi ba, ba zai tsaya takarar majalisa ko gwamna ko shugaban ƙasa ba, ba kuma zai zama daraktan kamfani ba.

Kamfani kuma dokarsa daban, wato CAMA ta 2020. Ita ce ta shigo da hanyoyin ceto kamfani kafin a kai ga rushe shi, kamar yarjejeniya da masu bin bashi da naɗa mai riƙo. A ƙarƙashinta, wanda ke bin kamfani bashin da ya wuce adadin da aka ƙayyade, ya aika da takardar nema, aka yi mako 3 ba a biya ba, yana da hujjar neman kotu ta rushe kamfanin. A nan akwai abin da 'yan kasuwarmu da yawa ke ruɗewa a kai. Rajistar sunan kasuwanci ba ta raba ka da kasuwancinka: bashinsa bashinka ne, har gidanka da motarka. Kamfani mai iyakantaccen alhaki ne ke da nasa jiki a idon doka. Shi ɗin ma, idan ka sa hannu ka tsaya masa a banki, to kai za a bi.

Yawancin rigimar bashi a ƙasar nan ba ta ma bi ta hanyar karayar arziki. Ƙara ake kaiwa a kotun jiha, a samu hukunci, sannan a nemi umarnin tare kuɗin mutum a banki ko a yi gwanjon kayansa. Kowace jiha da dokar kotunanta da iyakar kuɗin da majistare zai saurara. Wa'adin kai ƙarar bashi ma ya bambanta, a wasu jihohi shekara 6, a wasu 5, kuma amsa bashin a rubuce ko biyan wani ɓangare na iya sa lissafin ya koma farko. Tun Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna damar cire bashin da aka ƙi biya daga asusun mutum na wasu bankunan ta hanyar lambar BVN, bisa iznin da ya sa wa hannu ranar karɓar bashin. Idan kuma bashin ya koma hannun hukumar AMCON, wadda aka kafa a 2010, to dokarta ta ba ta ƙarfin da bankin farko ba shi da shi.

Kotun Musulunci da hukuncin taflisi

Uban gidan nan na Kwari ƙila kotun Musulunci zai nufa. Fiƙihun Malikiyya ya daɗe da babin taflisi, yana cikin Risala da Mukhtasar na Khalil da Tuhfatul Hukkam, littattafan da alƙalanmu ke dubawa. Idan bashi ya game dukiyar mutum, masu binsa suka kai ƙara, alƙali zai hana shi sarrafa dukiyarsa, a sayar, a raba gwargwadon abin da kowa ke bi. Bashin da lokacinsa bai yi ba ya zama na biya nan take. Wanda ya tarar da ainihin kayan da ya sayar masa suna nan ba a biya ba, ya fi kowa haƙƙi a kansu. Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo yadda Sayyidina Umar ya raba dukiyar wani mutumin ƙabilar Juhaina tsakanin masu binsa. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarnin a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu, ta kuma kwaɗaitar da yafewa.

Ku lura da wannan, domin a nan ne maganar waya ta fi cutarwa. A Babi na 7 na Amurka kotu na sauke ragowar bashi. A fiƙihu ana ɗaga ƙafa ne, ragowar tana nan a wuyan mutum har ya samu ya biya ko mai shi ya yafe, kuma idan ya rasu sai an fitar da ita kafin a raba gado. Wanda ya shiga gaban alƙali da tunanin Babi na 7 zai fito da mamaki.

Ko ɗaukaka ƙara sai an yi hattara. Sashe na 277 na kundin tsarin mulki ya lissafa abubuwan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ke saurara, irin su aure da gado da wasiyya da waƙafi. Manyan kotuna sun sha soke hukunci a kan al'amuran da ba su cikin jerin, kamar rigimar sayen fili. Mutum ya yi shekaru yana zarya, ya ci nasara, a ce masa kotun ba ta da hurumi tun farko.

Tsallaken iyaka

Daga Jibiya zuwa Maraɗi tafiyar ɗan lokaci ce, harshe ɗaya, dangi ɗaya, amma doka ta sauya gaba ɗaya. Nijar da Chadi da Kamaru suna cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa a 1993. Dokarsu ta karyewar kasuwanci ta 1998 ce, aka sabunta ta a 2015. Ta tanadi sulhu, da shirin rigakafi, da farfaɗo da kasuwanci a ƙarƙashin kotu, da sayar da kadarori. Ta shafi kamfanoni da masu sana'ar kansu, ba ta shafi ma'aikacin da ya ci bashin gida ba. Ta kuma ɗora wa ɗan kasuwa wajibi: idan ya kasa biyan basussukan da lokacinsu ya yi, ya sanar da kotu cikin kwana 30. Ƙarar ƙarshe a kan wannan doka a Abijan ake jin ta. Gana kuwa ba ta cikin ƙungiyar, tana da tata dokar ta 2020 ga kamfanoni. Fataken da ke da bashi a Kano da Damagaram da Kumasi yana ƙarƙashin doka uku ne, ko ya sani ko bai sani ba.

Abin da ke ɓoye a bayan tagar rajista

Ko a gari ɗaya, akwai ilimin da ba a rubuta shi a littafin doka ba. Ku je rajistar kowace kotu da safe. Za ku ga mutum riƙe da fayil, magatakarda ya buɗe ya duba ya mayar masa: kwafi bai cika ba, rantsuwar ba hatimi, ba a biya kuɗin kai sammaci ba. Ya koma ya gyara, kafin ya dawo wa'adi ya wuce. Wace rana alƙali ke sauraren irin wannan buƙata, wane tsari shugaban kotun ya fitar bana, yaya ake isar da takarda ga wanda ke wata jiha, duk sai wanda ke shiga yana fita ya sani. Ma'aikatan kotu kuma aikinsu karɓar takarda ne, ba su ne lauyanka ba. In ka je gari ka tarar kowa da wutsiya, kai ma ka nemo ka ɗaura, amma sai ɗan gari ya nuna maka inda ake samu.

Kada a ɗauka ina cewa a daina karatu. Ilimin gama-gari yana da amfani babba, musamman idan na ƙasarka ne. Shi zai sanar da kai cewa kasa biyan bashi kaɗai ba laifin da ake kama mutum a kai ba ne: Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 sun hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai, sun kuma hana kama ɗan uwa a madadin wanda ake nema. Amma a nan ma akwai iyaka. Ba da cek ɗin da ba kuɗi a bayansa laifi ne a dokar 1977, hukuncinsa ɗaurin shekara 2. Karɓar kaya da yaudara ma laifi ne. Wanda ya ji rabin farko bai ji na biyu ba, ya ji abin da zai kai shi ya baro.

Abin da nake roƙo

Duk wanda ya ci karo da bayani a kan bashi, ya yi masa tambaya huɗu. Wace ƙasa da wace jiha ake magana? Wace shekara aka yi shi, doka ba ta sauya ba tun lokacin? Mutum ake nufi ko kamfani? Wace kotu ce za ta saurari tawa shari'ar? Bayanin da bai amsa waɗannan ba, a ajiye shi a matsayin labari.

Wanda bashi ya taso masa, kada ya ɓuya, kada kuma ya yi watsi da sammaci, domin ana yanke hukunci a bayan idon wanda ya ƙi zuwa. Kada ya mayar da gida ko mota da sunan mata ko ɗa. Kada ya zaɓi ƙaninsa ya biya shi a ɓoye ya bar sauran. A Amurka wakilin kotu na iya dawo da abin da aka biya ɗan uwa cikin shekara 1 kafin shigar da takarda, a fiƙihu ma wanda bashi ya game dukiyarsa ba a yarda masa kyauta ba. Ya tattara takardunsa, rasiɗai da yarjejeniya da bayanin banki, ya kai wa lauya ko malamin da ya san kotun garinsa, ya faɗi gaskiya duka. Wanda ba shi da hali ya tuntuɓi Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda ke aiki tun 1976, ko reshen ƙungiyar lauyoyi na garinsa.

Shugabannin kasuwa, ku riƙe sulhu da ƙarfi, kuma duk abin da aka daidaita a rubuta shi da shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Lauyoyi da malamai masu bayani a rediyo da Facebook, Allah ya saka muku, amma ku riƙa faɗin jihar da kotun da kuke magana a kai, domin a Agadas da Garwa ma ana sauraren ku. Masu bin bashi kuma, ku bi ta ƙofar da doka ta buɗe, ku sassauta wa wanda kuka tabbatar ba shi da shi.

Allah ya biya wa mai bashi bashinsa, ya mayar wa wanda ya karye da alheri, ya sa albarka a kasuwanninmu.